Gyaran Injin Babur Mai Ƙafa Huɗu Domin Hanyar Daji: Tambayoyinku da Amsoshinsu

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ina da babur mai ƙafa huɗu ƙirar Honda TRX400EX na shekarar 2003. Ba tsere nake yi da shi ba. Yawancin hawana a ƙananan hanyoyin daji ne masu duwatsu da saiwoyin itatuwa da hawa da gangara, inda da wuya in wuce giya ta uku. Watannin baya na sa masa salansa mai buɗaɗɗen baki, na cire murfin akwatin matatar iska, sannan na canza tayoyin baya daga inci 20 zuwa inci 22 domin cikinsa ya daina gugar dutse. Tun daga lokacin ƙararsa ta ƙaru, amma a wurin hawa yakan mutu idan ban riƙe kuloci rabi da rabi ba, yana harbi ta salansa duk lokacin da na saki totur, kuma zafinsa ya fi na da. Na ƙirga haƙoran sifiroket, 15 ne a gaba, 38 a baya. Wani abokina ya ce in faɗaɗa silinda zuwa cc 440, in sa kamshaf, wato sandar da ke buɗe bawul, irin na tsere, wai shi ke nan an wuce wurin. Kafin in kashe kuɗi, ina neman shawararka.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Shawarata ta farko ita ce kada ka bari a kwance maka inji tukuna, domin duk alamomin da ka lissafa ba sa nuna cewa injin ya yi maka kaɗan; abin da suke nunawa shi ne canje-canjen nan uku da ka yi ba a daidaita su da sauran sassan babur ɗin ba. Idan ka ɗora faɗaɗa silinda da kamshaf na tsere a kan wannan hali, ina tsoron garin neman ƙiba ka samo rama, domin biyu daga cikin matsalolinka, wato mutuwa a wurin hawa da yawan zafi, ƙaruwa za su yi.

Tushen kuskuren da masu hawan daji da yawa ke yi shi ne sayen kayan da aka ƙera domin filin tsere. Masu sayar da kayan ƙarin ƙarfi suna tallata ƙarfin doki, wanda lissafi ne na ƙarfin ja da aka ninka da saurin juyin inji, saboda haka hanya mafi sauƙi ta samun babbar lamba ita ce a tura ƙarfin zuwa can sama, inda injin ke kuka. Mai tsere a can yake zaune, amma kai da ke lallaɓawa tsakanin duwatsu a giya ta ɗaya da ta biyu, abin da kake bukata shi ne injin da zai ja daga ƙasa ba tare da tari ba, wanda yake amsa totur a hankali gwargwadon yadda babban yatsanka ya danna, kuma wanda zai yi yini guda yana tafiyar hawainiya ba tare da ya ɗauki zafi ba. Da wannan ma'auni ya kamata ka auna duk wani ƙarfe da za a tallata maka.

Mu fara da tayoyi, domin su ne babban dalilin mutuwar da yake yi. Tayar inci 22 tana cin ƙasa fiye da ta inci 20 da kashi 10 cikin ɗari a kowane juyi, wato ba tare da ka taɓa akwatin giya ba ka ɗaga kowace giya da kashi 10, kuma ƙarfin da ke isa ƙasa ya ragu da kusan hakan, ban da nauyin da babbar taya ta ƙara. Giyarka ta ɗaya ta yi tsawo, shi ya sa kake ƙona kuloci domin ka cike giɓin. Maganin yana cikin haƙoran da ka ƙirga. Idan ka raba 38 da 15 za ka sami 2.53. Idan ka mayar da na gaba 14, lissafin ya zama 2.71, wato ka dawo da kusan kashi 7 cikin ɗari. Idan kuma ka haɗa 14 a gaba da 39 a baya za ka sami 2.79, wanda ya mayar da kai daidai inda kake kafin ka canza taya. Mai yawan hawan dutse yana iya wuce nan zuwa 14 da 40, ko 13 da 38, wanda ke ba da 2.92. Haƙori ɗaya a gaba yana yin aikin haƙora biyu da rabi zuwa uku a baya, kuma na gaba ya fi araha da sauƙin canzawa, saboda haka da shi ake fara gwaji.

Kowane ɓangare yana da farashinsa. Ƙaramin sifiroket na gaba yana lanƙwasa sarƙa sosai, yana sa ta saurin cinyewa tare da robar da take gogawa a kai, shi ya sa ba na son a sauka ƙasa da 13. Babban na baya kuwa yana kusantar ƙasa, yana cinye wani ɓangare na tsayin da ka sayi manyan tayoyi dominsa, kuma wani lokaci ba ya shiga cikin farantin kariyar da ke ƙarƙashinsa. Gudun ƙarshe zai ragu kaɗan, amma mutumin da ya ce da wuya ya wuce giya ta uku bai yi asarar komai ba. Idan sarƙar ta tsufa, ka canza ta tare da sifiroket biyun a lokaci guda, domin tsohuwar sarƙa tana cinye sababbin haƙora cikin ɗan lokaci.

Harbi da zafi kuma daga kafireta suke. Fetur yana ƙonewa sarai idan aka haɗa kashi 14.7 na iska da kashi ɗaya na mai bisa nauyi, amma inji ya fi ba da ƙarfi, kuma ya fi sanyi, idan man ya ɗan fi haka yawa, wajen kashi 12.5 zuwa 13 na iska. Masana'anta sukan fito da babur man yana ɗan ƙaranci saboda dokokin hayaƙi, sai kai kuma ka buɗe masa ƙofar shigar iska da ta fitar hayaƙi, alhali ramukan da mai ke bi suna nan yadda suke. Iska ta yi yawa, mai ya yi kaɗan, wuta tana ci da zafi, kuma wani ɓangare na haɗin da bai kama a cikin silinda ba yana fita ya fashe a cikin salansa. A injin da iska kaɗai ke sanyaya shi, irin naka, wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin ta haka ake ƙona bawul, a narkar da kan fistin.

Kafireta tana da hanyoyin mai guda uku da ke karɓar aiki daga juna. Ƙaramin jet na silo (jet shi ne ɗan ƙarfe mai rami da mai ke bi ta cikinsa) tare da sukurun daidaita shi ne ke ciyar da inji daga silo zuwa kusan rubu'in totur. Allura ce ke iko daga rubu'i zuwa kashi uku cikin huɗu. Babban jet kuwa sai an danne totur kusan ƙarshe yake nuna kansa. A nan ne mutane ke ɓata lokaci, domin kowa babban jet yake gaggawar canzawa, alhali mai hawan daji yana yin mafi yawan tafiyarsa a kan jet na silo da allura. Ka fara da na silo: idan injin ya ɗumama, ka riƙa warware sukurun a hankali har silo ya kai inda ya fi ƙarfi da santsi, idan kuwa sai da ka warware shi fiye da juyi biyu da rabi zuwa uku kafin ya daidaita, to jet ɗin ya yi ƙanƙanta, ka ƙara lamba ɗaya. Daga nan ka koma kan allura, wadda ake ɗaga ta idan ana son ƙarin mai ta hanyar saukar da ɗan makullinta zuwa tsagin ƙasa. Babban jet shi ne na ƙarshe, kuma hanyar da ta fi aminci ita ce ka fara da wanda ya yi yawa har injin ya riƙa gurnani a ƙarshen totur, sannan ka riƙa saukowa mataki-mataki har ya wanye. Fulogi zai ba ka shaida: fari fat alamar ƙarancin mai ne, baƙi mai toka alamar yawansa, ruwan ƙasa mai haske shi ake nema. Kafin duk wannan, ka duba gasket ɗin da ke tsakanin kan silinda da bututun salansa, domin idan iska na shiga ta wurin, harbin ba zai daina ba ko da ka canza jet goma. Ka kuma tuna cewa iska tana sirancewa idan aka hau tudu, inji yana rasa kusan kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace mita 300, don haka saitin da ya dace a ƙasa zai yi mai da yawa a kan tsauni.

Murfin akwatin iska kuwa, ni dai ra'ayina ka mayar da shi. Ɗan ƙarfin da cire shi ke bayarwa a can saman juyi yake, inda ba ka zuwa, amma ƙura da ruwan da yake tarewa a kullum kake haɗuwa da su. Ƙurar da ta wuce matata tana zama kamar takardar yashi a jikin ringi da silinda da bakin bawul, ruwan da ya shiga silinda kuma ba ya matsuwa, yana iya lanƙwasa sandar fistin nan take. Idan lallai kana son ƙarin iska, ka huda murfin ka toshe ramukan da ƙananan matatai. Matatar soso da aka wanke, aka shafe da man da aka yi dominta, aka kuma shafa giris a bakin da take zama, ta fi kowace irin matata dacewa da hanya mai ƙura.

Game da salansa akwai wata magana da ta yaɗu, wai inji yana bukatar a ɗan toshe masa hayaƙi kafin ya ja daga ƙasa. Ba toshewa yake bukata ba, saurin fitar hayaƙi yake bukata. Bututu matsakaici yana sa hayaƙin ya fita da gudu har ya bar wani ɗan zuƙo a bayansa wanda ke taimakawa wajen share silinda, amma bututu mai faɗi sosai yana rage wannan gudu idan injin yana juyi a hankali. Saboda haka idan tukunyar baya kaɗai ka canza, ka bar bututun gaba na asali, ba ka yi ɓarna ba. Ka dai tabbatar akwai ragar kama tartsatsi a ciki, domin tartsatsi ɗaya ya isa ya tayar da gobara a busasshiyar ciyawa. A dazuzzukan gwamnatin Amurka doka ce ma, kuma wurare da dama a can ba sa yarda ƙara ta wuce desibel 96. Ƙara dai ba ƙarfi ba ce, ko da yake kunne yana yawan yaudarar mai babur a kan haka.

Babur ɗin da ya haura shekara ashirin yana bukatar a tabbatar da lafiyarsa kafin a nemi ƙari daga gare shi. A auna tazarar bawul injin yana sanyi, milimita 0.10 a na shigar mai, 0.12 a na fitar hayaƙi, kuma a wannan inji da sukuru ake daidaita su, aikin da bai kai awa guda ba. A saurari sarƙar kamshaf ko ta saki. Idan za a gwada matsin silinda, a sani cewa akwai na'urar rage matsi a jikin kamshaf wadda ke sa ma'aunin ya nuna ƙasa da gaskiya, don haka gwajin da ake hura iska a cikin silinda a ga yawan da ke zurarewa ya fi faɗin gaskiya. Tunda ka daɗe kana riƙe kuloci rabi da rabi, a buɗe shi a auna faifansa da sifirin ɗinsa. Baƙin mai kuma ya zama mai ɗauke da alamar JASO MA, domin kulocin a cikin man yake wanka, kuma wasu mayukan mota suna da sinadarin rage gogayya da ke sa shi sulɓi. Ka riƙa wanke laka daga haƙarƙarin silinda da na'urar sanyaya mai, domin busasshiyar laka bargo ce a jikin inji.

Sai maganar abokinka. Faɗin silindar wannan inji milimita 85 ne, tafiyar fistin kuma 70, wanda ya ba da cc 397. Fistin mai milimita 87 yana kai shi 416, kuma ana iya yin wannan a cikin hannun silinda na asali, wato bututun ƙarfen da fistin ke gudu a cikinsa. Abin da ake kira 440 yawanci fistin ne mai milimita 89, wanda idan ka yi lissafi kusan cc 435 ne, sunan ne kawai aka cika, kuma sai an sa sabon hannun silinda. Gaskiya ne ƙarin girma yana ƙara ƙarfin ja daga ƙasa, wanda shi ne abin da mai hawan daji yake so, amma yana zuwa da ƙarin zafi a injin da ba shi da lagireto, kuma an san wannan inji da fizge ƙusoshin da ke riƙe kan silinda idan matsi da zafi suka yi yawa, har sai an sa masa masu ƙarfi. Matsin asali kusan 9 ne bisa 1. Idan ringi ya riga ya gaji, ya zama dole a buɗe, to 416 da matsin da bai wuce 10 ko 10.5 bisa 1 ba zaɓi ne mai hankali. Abin da ya haura 11 yana bukatar fetur mai yawan oktan, wato mai jure matsi, a kowane lokaci, in ba haka ba man ya riƙa fashewa da kansa kafin wutar fulogi ta gama cin sa, ka ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, kuma wannan ƙarar fistin take ci.

Kamshaf na tsere kam ban ba ka shawara ba ko kaɗan. Aikinsa shi ne ya bar bawul a buɗe na tsawon lokaci domin silinda ta cika idan injin yana gudu sosai, amma a juyi na ƙasa wannan jinkirin rufewa yana barin wani ɓangare na haɗin ya koma baya, matsi ya ragu, silo ya lalace, injin ya ƙara saurin mutuwa a daidai wurin da kake kuka da shi. Idan an buɗe injin, akwai kamshaf mai sauƙi wanda masu sayarwa ke kira mataki na ɗaya, wanda aka yanka domin ƙasa da tsakiya. Shi ne iyakar abin da ya dace da kai. Haka kuma kada ka yarda a rage nauyin fulawil, wato faifan ƙarfe mai nauyi da ke juyawa tare da inji, domin nauyin nan ne ke ɗauke fistin ya wuce idan taya ta ci karo da dutse.

Ka yi gyaran ɗaya bayan ɗaya, kana gwadawa a kan hawa guda da ka sani sarai, kana rubuta lambar jet da haƙoran da ka sa, domin wanda ya canza abu uku a rana ɗaya ba zai san wanne ya gyara ba, wanne ya ɓata. Ina kyautata zaton da sifiroket mai haƙora 14, da murfin da ya koma wurinsa, da jet na silo da ya ƙaru, za ka hau wannan dutsen a giya ta biyu hannunka ba ya kan kuloci.

TAMBAYA: Malam, nawa Yamaha Raptor 700 ne mai injekta. Na canza salansa gaba ɗaya da matatar iska. An ce mini tunda kwamfuta ce ke ba shi mai, za ta daidaita kanta. Haka ne? Kuma yana fizga idan ina tafiya a hankali.

AMSA: Ba haka ba ne, ɗan'uwa, sai dai a ce rabin gaskiya aka faɗa maka. Kwamfutar tana auna matsin iska da zafinta da zafin ruwan inji da yadda ka buɗe totur, shi ya sa ba ka bukatar canza komai idan ka hau tsauni ko aka shiga sanyi, kuma a nan ta fi kafireta nesa ba kusa ba. Amma yawan man da take bayarwa daga wani jadawali take karanta shi, wanda aka rubuta domin salansa da matatar asali, kuma a yawancin irin waɗannan babura babu abin da ke shinshinar hayaƙi ya gaya mata cewa iska ta ƙaru. Saboda haka kana bukatar ko dai a sake rubuta jadawalin, ko a haɗa masa na'urar daidaita mai, irin su Power Commander na kamfanin Dynojet. Jadawalin da aka sauko da shi daga intanet mafari ne kawai; wanda ya fi shi ne wanda aka yi a kan na'urar gwajin inji ana auna hayaƙin naka babur ɗin, kuma ka gaya wa mai aikin cewa ƙasan totur ka fi damuwa da shi, domin idan ba ka faɗa ba zai ɓata lokacinsa wajen neman babbar lamba a sama. Fizgar da kake ji tana raguwa sosai idan aka ɗan ƙara mai a farkon buɗe totur, aka kuma daidaita sakin wayar totur da na sarƙa. Injin nan mai cc 686 yana da ƙarfin ja da ya ishi kowace hanyar daji tun daga masana'anta, don haka ban ga dalilin taɓa cikinsa ba. Ka dai tabbatar fankar lagireto tana tashi, kuma laka ba ta toshe ramukansa ba.

TAMBAYA: Na sayi tsohuwar Yamaha Banshee. A fili ba a kama ta, amma a cikin kurmi tana wahalar da ni, fulogi yana yawan jiƙewa. Za a iya mayar da ita ta daji?

AMSA: Za a iya rage wahalar, amma ba za a canza mata hali ba. Banshee, wadda aka sayar a Amurka daga 1987 zuwa 2006, tana da inji mai bugu biyu da silinda biyu, cc 347, ba ta da bawul ɗin da ke daidaita ramin hayaƙi domin juyi na ƙasa, ba ta da giyar baya, kuma lagiretonta ba shi da fanka, don haka tafiya a hankali tana sa ta zafi, tana kuma jiƙa fulogi. A injin bugu biyu siffar tukunyar salansa ce ke yanke inda ƙarfi zai fito, saboda haka ka nemi wadda aka ƙera domin ƙasa da tsakiya, ka kauce wa na yashi da na tseren miƙe. Ka rage haƙori ɗaya a gaba, ka bar fulawil da nauyinsa, ka daidaita kafireta biyun su riƙa buɗewa tare, ka duba jet na silo ko ya yi yawa, ka kuma riƙa auna baƙin man da ake haɗawa da fetur da ma'auni maimakon da ido. Ɗan ƙarin matsi a kan silinda yana taimakawa daga ƙasa matuƙar fetur ɗinka zai ɗauka, amma kada ka bari a sassaƙe ramukan silinda irin na masu tsere, domin wannan aiki ba a mayar da shi baya sai da sabuwar silinda. Idan ka shiga kurmi, ka riƙe ta a ƙaramar giya injin yana ɗan kuka, ka kuma tafi da fulogi biyu da sifanarsu.